Ruwan da Ndanusa Bai Ɗanɗana Ba

Shagon ɗinkina a unguwar Fadikpe da ke Minna yana kallon teburin mai kifi, saboda haka labarin Muniratu ba ji na yi ba, gani na yi. Uwarta tana saro kifin ƙanƙara, titus da shawa, ta soya da yamma. Aikin Muniratu gyaran kifin ne, amma maimakon ta zubar da kayan ciki, sai ta baje su a faranti tana tonawa da tsinke, wai tana son ganin abin da kifin ya ci kafin a kama shi. Mai yana ƙonewa a kasko, uwar tana kwakwazo, ita ko a jikinta. Na sha ce mata ta fi ɗan sanda tambaya.

Ubanta Ndanusa Banufe ne, masunci, ciwon ƙafa ne ya raba shi da kogin Kwara ya zaunar da shi Minna. Wata rana ta tambaye shi wane kogi ke haifar titus. Ya ce na teku ne, shi kuwa bai taɓa ganin teku ba. Shi ke nan teku ta shiga ran yarinya, a garin da ruwan famfo ma sai an yi sa'a.

A 2006 ta samu gurbi a wata jami'a a Legas, karatun halittun teku. 'Yan unguwa suka samu abin tsokana: digiri a kifi, ai uwarta ta riga ta. Shekarar farko duk a aji aka yi. A ta biyu aka ce dole kowa ya shiga jirgi a fita teku, wanda bai je ba ya faɗi. To, nan gizo ke saƙa. A zuriyar Ndanusa yaro ba ya shiga ruwa sai babba ya ɗanɗana ruwan, ya shafa masa a fuska. Ƙanensa da ya ƙetare wannan ƙa'ida, ko gawarsa ba a gani ba. Ga tsoho ko tashar mota ba ya iya zuwa, balle Legas.

Da ta zo gida ta gaya mini, na ce mata, "Ke, wa zai gaya masa? Shiga abinki." Ta dube ni kamar na ce ta yi sata.

Sai ga ta da hutu na gaba, riƙe da gorar roba cike da ruwan teku. Muka taru a tsakar gida da hantsi. Ndanusa ya yi bisimilla, ya kurɓa, ya furzar.

"Wa ya zuba gishiri a ciki?"

"Haka yake duka, Baba."

"Duka? To ba za ki shiga ba. Ruwan da ba ya shawuwa ba ya riƙe rai."

Muniratu ta tashi ta ɗauko titus ɗaya daga kwalin uwarta, ta ajiye a gabansa. "A cikinsa wannan ya girma, Baba."

Tsoho ya juya kifin, ya buɗe bakinsa da yatsa ya leƙa. Ya sake kurɓar ruwan, wannan karon ya haɗiye.

"To shi me yake sha in ƙishi ya kama shi?"

"Ba a koya mana ba tukuna."

Sai tsoho ya tsiyaya ruwan a tafin hannunsa, ya shafa mata a fuska. "Je ki gano mini."

Ta kuwa gano: ruwan gishirin yake sha, ya fitar da gishirin ta jan abin nan da ke gefen kansa. Daga nan kowane hutu sabuwar tambaya ke jiranta a kan tabarmar tsohon, har ta gama digiri ta kama aiki. Uwar ta ce da mai tambaya ɗaya take fama, yanzu sun zama biyu.

Bara Ndanusa ya rasu. Tambayarsa ta ƙarshe ita ce ko kifin teku yana barci. Kwanan baya Muniratu ta zo shagona kawo ɗinki, ta ce mini ta samo amsar, sai dai ba ta san wanda za ta kai wa ba.