Inna Hure da Cokalin Shayi

Da wuya a sami yaron da aka yaye a Toranke bai bi ta cinyar Inna Hure ba. Sana'arta ɗura: ta matse yaro tsakanin gwiwoyinta, ta kafa tafin hannu a bakinsa, ta kwarara kunu har sai ciki ya yi ƙwal. A wurinta duk ciwon yaro yunwa ce, har ciwon ido.

Sai Allah ya jarabce ta da jikanta Abdulmumin, wanda take kira maigida. Duk abin da ya ci sai ya dawo. Ta ce tumbiɗi ne, ƙiba na tafe. Aka shekara ƙiba ba ta iso ba, sai tari da rama. Ta ƙara ludayi, ya ƙara amai. Ran nan ya shaƙe a hannunta, idanu suka juye, da ƙyar numfashi ya dawo. Hure ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Daga asibitin Gaya aka tura su Kano. Likita ta ce bakin tumbinsa ne ba ya rufuwa, magani ya gaza, sai an yi aiki an ɗan naɗe wurin. Hure ta ce ashe dai buhu ne aka manta ba a ɗaure ba. Aka yi aiki lafiya, aka kafa doka: abinci mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, da cokalin shayi, ban da ɗura.

Muhsina, uwar yaron, kunya ba za ta bar ta ta ce wa uwar miji a'a ba. Sai ta koma goya shi wuni guda, har wurin daka. Hure ta gane, abin kuma ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta sayi cokali, ta kama wani marayan ɗan akuya, ta shiga koyo a bayan rumbu. Ɗan akuya ya sha wuya, don rabin lokaci hannun nan mantuwa yake yi, ya koma ɗura.

Wata rana da hantsi Muhsina ta same su, kunu na shiga ɗigo-ɗigo, tsohuwa na lallashin akuya. Muhsina ta tsaya tana kallo. Sannan ta kwance goyo, ta durƙusa, ta ɗora mata yaron a cinya.

Hure ta ɗebi kunu a cokali, idonta ya cika da ƙwalla.

"'Yar nan, zauna kusa ki riƙe min hannun nan," in ji ta. "Ni ma ban gama yarda da shi ba."