Hoton da Na Tura Zauren 'Yan Arewa

Shekarar da aka yi ruwan nan da ya shanye titunan Dubai har jirage suka kasa tashi, ina aiki a wani ƙaramin kamfanin kargo a Al Khabaisi, ni ke ɗaukar ma'aikata. Ina ganin kaina mai tsantseni. Da ajami na fara karatu, kuma malaminmu ya sha ja mana kunne kan tonon asirin mutane. Na haddace, amma ban gane ba.

Muna neman direban babbar mota, sai ga wani ɗan arewa mai sanyin magana, da tabo a gefen wuya. Ƙa'ida a fili take: ba a binciken mai neman aiki sai da yardarsa, a nemi shaidar 'yan sanda, a tuntuɓi waɗanda ya ambata kawai. Ya yarda, amma ya roƙe ni kada in tambayi kowa daga gida. Roƙon nan ya sa min zargi. Sai na yi irin binciken da muke yi in za a ba mutum aure. Na tura hoton fasfonsa zauren WhatsApp na 'yan arewa, na tambayi wanda ya san asalinsa.

Ashe a gida ya ba da shaida a kotu kan wasu 'yan daba da suka yi kisa, tabon ma su suka yi masa. Ƙanin ɗayansu yana zauren. Ya kira ni da fara'a, Alhaji sama Alhaji ƙasa, wai direban abokin yarintarsa ne, in haɗa su. Ranar Juma'a bayan masallaci na kai shi unguwar International City, har gindin benen da direban yake.

Da na kira direban ya sauko, sai wasu biyu suka fito daga wata mota. Kafin direban ya gama amsa sallamata, sun sauke masa ƙarfen canza taya a kafaɗa. Na ji ƙarar ƙashi. Ya faɗi, suka bi fuskarsa da takalmi, jini na bin kwalta har ƙarƙashin motocin mutane. Na riƙe hannun ɗaya, ya juyo ya fasa min baki, haƙorana biyu suka zube. Direban ya ɗago kai. Ni ya kalla daga kwance, ya tambaye ni ko bai roƙe ni ba.

'Yan sanda sun kama su. Na faɗi yadda suka same shi, aikina ya tafi, domin yaɗa hoton mutum ba izininsa laifi ne a nan. Direban kuwa hannunsa na dama bai ƙara riƙe sitiyari ba.

Bana na nemi aikin sito a wata gona a garin Hatta. Ashe direban nan ne ke gadin ƙofarta. Da maigidan ya tambaye shi ko ya san ni, bai amsa ba sai da ya kira ni, ya ce shin na yarda ya yi magana a kaina, kuma iya ina. Hawaye suka zo min, na ce ya faɗi duka. Ya faɗi duka, har da haƙoran. Aka ɗauke ni.

Don girman Allah, duk wanda aka ba tantance masu neman aiki, ya tsaya inda aka yi masa izini. Ba ka san abin da mutum ya gudo wa ba. Ni a wurin wanda na zalunta na koyi wannan. Ranar da na fara aiki ya miƙo min hagu muka gaisa, ya ce abin da ke tsakaninmu ya ƙare, khalas.