Inda Na Tsaya a Babi na Huɗu

Shekarar da aka kawo kwamfuta ofishinmu a Gwiwa, aka ce wanda ya iya rubuta mata manhaja shi zai riƙe rajistar ma'aikata. Shekara goma sha ɗaya rajistar nan tana hannuna. Na sayo littafin masu fara koyo a Kazaure, na kafa wa kaina doka: ba na shiga babi sai na gama aikin wanda ya gabace shi.

Babi uku na farko sun tafi daidai. A na huɗu aka ce in gina aji, wato tsari guda da ake fitar da abubuwa masu kama da juna daga cikinsa, kamar fom ɗaya da kowane ma'aikaci ke cikewa. Na gane. Amma duk sanda na rubuta, sai kwamfuta ta cika allo da jan rubutu.

Abokin aikina, wanda shi ma ya sayi littafin, ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, tsallake mana! Bayanin yana babi na shida."

Na ce, "Ba a zuwa shida kafin biyar."

Ya yi dariya. "To, Allah ya ba da sa'a."

Wata uku ina kan shafi ɗaya. Shi kuwa ya yi ta tsallake-tsallake har ya haɗa abin da ke aiki, ko da yake ba tsari. Wata Litinin shugaban sashe ya ce in miƙa masa rajistar. Na jera fayilolin bisa haruffa, na miƙa, na koma teburina da ba komai a kansa.