Ganyen Dankalin da Inna Ke Dannawa

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Saulawa ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta tambayata ko na ci abinci. A ɗakin kakata na girma, ita ce ke da izinin sona a bainar jama'a. Da na koyi ɗinki na buɗe shago a Makarfi, sai Inna ta samo mini laƙabi, wai mutumin Makarfi. In na je gaishe ta, na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya ta fuskanci randa.

"A ce wa mutumin Makarfi akwai tuwo a kwano."

Alhali daga ni sai ita sai randar a ɗakin.

Ba na ganin laifinta, kunya ce, haka ta taras ana yi. Amma gaskiya abin yana ci mini rai, musamman in na ga autarmu, ƙanwata da ke aure a Kudan, ta zo ta kwanta a cinyar Inna da girmanta da komai tana shagwaɓa, ana kiran sunanta ana jan ƙarshensa. Ni kuwa ga furfura ta fara leƙowa a gemuna, har yanzu ta bakin randa ake ba ni tuwo.

Autar ce ta saya wa Inna babbar waya, ta sa mata manhajar nan da kowa ke hira a ciki. Inna ba ta karatun boko, don haka abu biyu kawai aka koya mata: yadda za ta danna ta yi magana saƙo ya tafi, da yadda za ta kalli sitatus, wato hotunan da mutane ke ɗorawa su kwana ɗaya su ɓace. Aka ce mata in ta gama kallon hoto ta taɓa gefen dama, wani zai fito. Ita kuwa da yake da hannu biyu take riƙe wayar kamar faifai, babban yatsanta can ƙasa a kusurwa yake sauka. Saƙon murya kam kowa ya samu nasa, har matata. Nawa ne dai bai taɓa zuwa ba.

Sai wayar ta fara damunta da neman afdet, wato a sabunta manhajar. Kullum ta buɗe sai wani rubutu ya tare mata hanya. Ta ce wa auta wayar na roƙon wani abu, a ba ta ko a huta. Auta ta zo gida, ta sa data, ta yi mata afdet, ta koma Kudan abinta. Ashe masu manhajar, da yake ba su da aikin yi sai taɓa abin da ke zaune lafiya, sun dasa wata 'yar alamar zuciya a ƙasan kowane hoto. In ka taɓa ta sai ta zama koriya, mai hoton ya samu sanarwa cewa wane ya so abinsa. Kuma ba su ga inda za su dasa ta ba duk faɗin wayar sai daidai inda yatsan Inna ke sauka.

Ina kan keke ina ɗinkin wata jamfa wayata ta yi ƙara. Na duba, na ga zuciya a kan hoton kaftanin da na ɗora da safe. Na duba mai aikowa, na ga Inna. Na goge fuskar wayar da gefen riga na sake dubawa, Inna ce dai. Saura kaɗan allura ta huda mini yatsa.

Ba ni da wauta, na san kuskure ne. Amma kuskuren ya tona mini abin da ban taɓa zato ba, ashe tana kallo. Matar da ke yi wa randa magana in na shigo, ashe in na ɗora hoto ita ce kan gaba. Washegari na ɗora hula, zuciya ta zo. Na ɗora hoton tayar babur ɗina da ta yi faci a hanyar Ikara, zuciya. Na ɗora silifas ɗina da ya tsinke, zuciya. Rannan don neman magana na ɗauki hoton bangon shago, bango tsura ko kalanda babu, kafin in mayar da wayar aljihu zuciya ta iso.

Daga nan fa na lalace. Ni da nake zagin masu ɗora hoton abincinsu, na koma ɗora kofin shayina. Datar da a da ke kai ni wata ta koma ƙarewa tun watan bai raba ba. Masu kaya na zuwa suna tarar da ni ina gyara zaman hula a gaban waya. Matata ta kalle ni ta ce, "Maigida, aure za ka ƙara ne, ko takarar kansila za ka fito?" Na ce ta rabu da ni, tallar sana'a nake. Ban gaya wa kowa ba, don na san ranar da Inna ta gane, kasuwa ta tashi.

Abin da ban lissafa ba shi ne ba ni kaɗai ke ɗora hoto a duniya ba. Liman ya sha zuciya. Mai sayar da taki ya sha. Wani ɗan'uwanmu na Furana ya ɗora sanarwar rasuwar surukinsa, Inna ta aika masa da koriyar zuciya. Duk waɗannan suka yi shiru da bakinsu kamar mutanen kirki. Wanda ya ɓata mini lamari shi ne mijin auta, manomin rake, mutum mai ladabin da har haushi yake ba ni. Shi da ko inuwar Inna ba ya iya takawa, sai ga zuciyar surukarsa na sauka a kan hotonsa yana tsaye a gona da singileti. Bawan Allah ya kasa cin abinci. Ya goge hotunansa, ya sa babbar riga, ya ɗaure dami guda na rake a bayan babur, ya ɗauko auta suka taho, wai ya zo ya ji ko wani laifi ya yi.

Aka yi rashin sa'a ranar na je gida gaishe da Inna. Ina zaune a tsakar gida na ji auta na yi wa Inna bayani a ɗaki tana shaƙe dariya.

"Inna, wannan abin da kike taɓawa, kin san mene ne?"

"Ganyen dankalin nan? Ai shi ake dannawa hoto ya wuce."

"Zuciya ce, Inna. In kin taɓa, cewa kika yi kina son mai hoton. Kuma yana gani."

Can na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa.

"Kowa da kowa ke gani?"

"Mai hoton dai."

"Har…" Ta kasa ƙarasawa.

"Har Yaya. Shi ma ya fi kowa samu."

Sai salati. Inna ta yi ta salati kamar an aiko mata da mutuwa. Ta naɗe wayar a tsumma ta jefa cikin kwalla ta rufe. Ranar ko randa ba ta samu saƙo ba, auta ce ta miƙo mini tuwo. Mijin nata kuwa yana rakuɓe a zaure, na wuce shi na ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada." Ya amsa da amin, har da shafawa. Raken nan ban sha ko gaɓa ɗaya ba.

Na koma Makarfi wayata ta mutu murus, ba don caji ba. In ta yi ƙara in zabura, in tarar kamfanin layi ne ke tallar waƙa. Na yi kewar 'yar alamar nan fiye da yadda ya kamaci mai iyali. Na daina ɗora komai. Daga baya auta ta gaya mini ta lallaɓa Inna ta fito da wayar, ta koya mata taɓa sama maimakon ƙasa, yanzu yatsanta ba ya ko kusantar wurin. Liman ya huta, mijin auta ya koma sa singileti. Kowa ya samu lafiya ban da ni.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kwantar da ni, har sai da aka yi mini ƙarin ruwa. Na hana a gaya wa Inna, amma auta ba ta iya riƙe magana. Ranar da na koma shago, na rame, hula na yi mini yawa, na ɗauki hoton kaina a kan keke na ɗora don masu kaya su san na dawo. Na ci gaba da yanka yadi. Wayar ta yi ƙara, na share ta, na ce masu waƙar nan ne. Sai da na gama na duba. Koriyar zuciya ce, daga Inna.

Na kira auta, na san tana gida a makon. Na ce, "Yatsanta ne ya sake zamewa?"

Ta yi ƙasa da murya. "Ina fa zamewa. Tun ɗazu take kallon hoton, ta ce ka rame. Sai ta ce in nuna mata inda ganyen nan yake. Na nuna mata, ta goge yatsa a zani, ta ce in juya baya. Yanzu haka ta kife wayar ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce in na gaya wa mutumin Makarfi ba ta yafe ba."

"To ki ce ba ki gaya mini ba."

Na kashe wayar. Wani mai karɓar ɗinki ya yi sallama ya leƙo, ya tsaya yana kallona, ya tambaya ko allura ce ta faɗi. Sai a lokacin na lura na tuɓe takalmi, ina durƙushe a ƙasan shago da waya a hannu biyu. Na ce masa eh, allura ce, ya ɗan jira ni a waje.