Mutumin da ya tsare Nereo

A Santa Rufina, duk mai sauran aiki a gabansa ba ya tambayar Don Cándido Irizarry wane ne ya fi kowa iya ƙwallon kwando. Baƙo ne kawai yake wannan ganganci. Amsar ɗaya ce, tun muna yara muke jin ta har muka yi furfura: Nereo Santaliz na garin Almendros. Ka ce masa, to Amurkawan nan na talabijin fa, masu tashi sama kamar ba su da nauyi? Sai ya taɓe baki. Ka kawo masa gwanayenmu na nan Puerto Rico da aka rataye rigunansu a manyan filaye, ya ce duk su biyo baya. Abin haushin shi ne, Almendros abokan gabarmu ne tun kaka da kakanni, mutanen da ko jana'iza suka zo sai sun yi mana gorin kofi.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne, a gabansa ne dai ba a faɗa. Cándido ɗan masu yankan rake ne, ya tashi dogo zanƙalele, har uwarsa tana cewa ba ta san wa ya ɗauko ba. Tsawon nan ne ya kai shi ƙungiyar gari. Shekarar da ya shiga kuwa ita ce shekarar da Santa Rufina ta kai wasan ƙarshe, abin da ba ta taɓa yi ba, ba ta kuma sake ba. Ranar an rufe shaguna, fada ya gajarta addu'a a coci, tsofaffin da ba su samu mota ba suka kewaye rediyo. Aka ɗora wa Cándido tsaron Nereo. Shi kuwa Nereo ya dinga wuce shi ta dama, ya wuce shi ta hagu, yana zuba ƙwallo a kwando har mai sharhi a rediyo ya fara tausaya mana. Kofi ya tafi Almendros. Kafin motar 'yan wasa ta iso gida an riga an raɗa wa Cándido suna: Ƙofa, wai duk mai son wucewa turawa kawai zai yi ya shige.

Mutanenmu kuwa, in dai a kan ƙwallo ne, ba su da mantuwa kuma ba su da imani. Cándido ya ajiye wasa, ya kama tuƙin motar haya tsakanin garinmu da Ponce, yana naɗe dogayen ƙafafunsa a ƙarƙashin sitiyari. Ya auri Herminia, suka haifi 'ya'ya, ya gina gidansa na bulo, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Duk da haka a tasha in an tambayi motar wa ke kan layi, sai a ce ta Ƙofa.

Abu ɗaya ya rage masa ya fake a bayansa, shi ne girman Nereo. In Nereo ne ya fi kowa a duniya, to Cándido bai yi abin kunya ba, ko wa aka sa a wurin haka za a yi masa. In kuwa Nereo ɗan wasa ne kamar kowa, to Cándido ne ya zubar wa gari da kofinsa tilo. Bai taɓa furta haka ba, amma ko yaro ya gane. Shi ya sa duk fasinjan da ya zauna a gaba sai ya sha labarin yadda Nereo yake riƙe ƙwallo, da yadda yake kallon gabas ya jefa yamma, tun daga tasha har Ponce.

Da ya tsufa ya bar tuƙi, sai musun ya koma teburin domino a ƙofar shagon Fermín, wanda suka yi firamare tare, kuma bai taɓa raga masa ba.

"Compay, abokina, kofi nawa mutumin naka ya ɗauka ne ma?" in ji Fermín.

"Ana auna gwani da kofi ne? Ƙungiya ke ɗaukar kofi."

"To da me ake auna shi?"

"Da ido. Ni na gan shi, gab da gab."

"Ai kuwa ka gan shi," in ji Fermín yana buga ɗan domino a tebur. "Ƙeyarsa ka fi gani."

A yi dariya, shi ma ya ɗan yaƙe haƙora, don ba shi da yadda zai yi. Matsalar ita ce ba a ɗauki wasan nan a hoto ba. Waɗanda suka je filin kuwa kullum raguwa suke, wannan ya mutu, wancan 'ya'yansa sun ɗauke shi zuwa Orlando a Amurka. Samarin yanzu in ana musu waya suke zarowa, su nuna maka mutum yana tashi sama, su nuna maka makinsa. Shi Cándido hannuwansa kawai yake da su, yana kwatanta jifan Nereo a iska, kafaɗarsa tana ciwo.

Da a kansa abin ya tsaya, da ya haƙura ya kai shi kabari. Sai jikarsa Yaritza ta ɗauko tsawonsa, ta shiga ƙungiyar 'yan mata ta gari. A wani wasa wata yarinya ta wuce ta ta jefa ƙwallo, sai wani mara kunya a cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya ce, "A rufe 'Yar Ƙofa mana." Fili ya ɗauki dariya. Cándido yana zaune a benci na sama, ya ga jikarsa ta waiwayo tana neman inda maganar ta fito, ya rasa inda zai sa kansa.

Da yamma ta same shi a baranda. "Kaka, da gaske ne abin da suke faɗa?"

"Mutumin da na tsare babu kamarsa a duniya," ya ce. "Ba a haifi mai tare shi ba."

Ta zaro waya, ta rubuta sunan, ta daɗe tana dubawa. "Babu shi a nan, Kaka. Wani mai gyaran firji kawai na gani."

Ba da raini ta faɗa ba, shi ya sa ta fi yi masa ciwo. Washegari ta ce cikinta na ciwo, ba za ta je atisaye ba. Kwana na gaba ma haka.

Ranar Asabar ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Doña Herminia ta tsaya a ƙofar kicin tana kallonsa.

"Ina zuwa haka?"

"Almendros. Zan roƙe shi ya zo ya yi wa yaran nan magana da bakinsa."

"Cándido, ka bar abin nan ya kwanta."

"Ai ya tashi. Kin ga yarinyar nan ta taɓa ƙwallo tun ranar?"

Ta koma ta ƙunso masa burodi da cuku.

Tun daga wasan nan bai sake taka Almendros ba. Ya yi zaton kowa zai nuna masa gidan Nereo da yatsa, amma sai da ya tambayi mutum uku kafin wata mai sayar da soyayyar ayaba ta ce, "Au, Don Nereo mahaifin malamar asibiti?" Gidan ɗan ƙarami ne a bayan makabarta. 'Yar ce ta buɗe, ya ce mata sunansa Cándido, daga Santa Rufina. Sunan bai ce mata komai ba, ta kai shi bayan gida.

Wani ɗan tsoho ya tarar a kujera, da kwano a cinya yana ɓare wake. Cándido ya tsaya yana kallon hannuwan. Su ne, babu shakka, sai dai sun kumbura a gaɓoɓi. Shi ma Nereo ya ɗago ya dube shi, amma tuƙi da shekaru sun riga sun tanƙwara bayan Cándido, bai ga kowa ba sai wani baƙo mai fara'a. Cándido ya ce a ransa, bari Nereo ya fara ba da labarin bajintarsa tukuna, sannan in faɗa masa ko ni wane ne.

Aka kawo kofi da madara, suka gaisa, suka taɓa zancen zafi.

"Don Nereo, na ga wasan ƙarshen nan," in ji Cándido. "Na ga 'yan wasa da yawa bayan nan, na gida da na waje. Har gobe ina faɗa a ko'ina, ba a yi kamarka ba."

Nereo ya yi dariya har sai da ya riƙe kwanon. "Haba maigida, ni? Ko a gidanmu yayana ya fi ni, aikin masana'anta ne ya hana shi. Ni ɗan wasa ne na tsaka-tsaki. Bayan shekarar nan ma ba su daɗe ba suka sallame ni."

"Amma ranar nan..."

"Ranar nan dabarar kocinmu ce, Allah ya jiƙansa. Ya je ya kalli wasanninku, ya dawo ya ce mana akwai wani dogo a cikinsu, yana da zuciya amma ƙafarsa nauyi gare ta. Ya ce duk wanda dogon nan ya tsare, shi za a dinga miƙa wa ƙwallo. To sai aka yi sa'a ni suka haɗa shi da ni. Da wani suka ba shi, da yau gidan wani ka je."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Yana magana yana ɓare wakensa, irin mutumin da ba ya son a yaba masa da abin da ba nasa ba. Cándido ya ajiye kofin da ke hannunsa a ƙasa. Ya nemi musu, abin da ya fi iyawa a duniya, ya ga babu wanda zai yi da shi. Ya tuna Yaritza tana jiran ya dawo mata da magana, ya rasa wadda zai kai mata. Roƙon da ya zo da shi ma bai fito ba.

"Ya ba ni tausayi ranar, wallahi," in ji Nereo. "Har aka tashi bai daina bi na ba. Wani da tuni ya ce a canja shi. Ban ma san sunansa ba. Kai da kake ɗan garin, yana raye kuwa?"

"Yana nan."

"Madalla. Ina fata dai mutane ba su riƙe shi da abin ba. Wasa ne."

Cándido ya dafa gwiwoyinsa ya miƙe a hankali, ya ce zai kama hanya kada mota ta wuce shi. Nereo ya kakkaɓe hannu ya miƙa masa.

"Idan ka gan shi, don Allah ka gaishe min da shi."

"Zai ji," in ji Cándido.