Rabon Gidanmu a Ganuwar Kufai

Shekarar da sojojin da aka kai yaƙin Bama suka fara dawowa gida, ina koyar da karatu a Boɗinga, shekaruna talatin da 'yan kai. Da aka cire gero na samu sarari, sai na shiga wata ɗabi'a da mutane suka ɗauka rashin aikin yi ce. Ranar Alhamis, da yake ba karatu, nakan rataya gafaka in tafi duba tsofaffin ganuwoyi, in rubuta abin da na gani da ajami.

Ƙasarmu cike take da su, tun zamanin da muke kai wa juna hari da Kabawa. Wadda ta fi zauna mini a rai tana wani kufai a kan hanyar Lambara, inda kakannina suka zauna kafin rijiyarsu ta ƙafe su taso. Yawancinta ta narke ta zama tudu, amma ta gabas akwai wani yanki da ya fi tsayin mutum. Daga ciki akwai dakalin da maharba ke tsayawa, da kafofi bakwai na harbi, kowace ƙuntatacciya ta waje, faffaɗa ta ciki. Na sha hawa dakalin in leƙa. Abin da kafar ke nuna maka shi ne bakin gwalalo, wato ramin da ya kewaye garin, daidai inda doki zai yi turjiya.

Wata Alhamis na tarar an kafa turaku masu jan kai a gindin ganuwar. Leburorin hanya na hutawa a inuwarta, helmansu na zaune a kan dakalin. Tsohon soja ne, bai daɗe da dawowa ba. Muka gaisa, na tambaye shi turakun.

"Ciko muke nema, Malam," in ji shi. "Baturen hanya ya ce kufai ba shi da mai shi. Ran Alhamis mai zuwa za mu sa diga."

Na ce masa a wannan dakalin mutane suka tsaya suka tsare matansu da hatsinsu.

"Malam, na ga ramukan harbi a Bama, an rufe da gungume, igwa ba ta fasa su. Su ma can muka baro su. Wannan ƙasa ce kawai. In tana da mai ita, ya zo."

Ban kwana da maganar ba sai da na kai ta wurin wani tsoho, abokin kakana, wanda ya tashi a kufan nan. Da yake jika ya ɗauke ni, ba ya raga mini. Washegari bayan Juma'a na ɗora shi a jaki muka tafi.

"Kai ad da takarda," in ji shi, "amma ba ka san komi ba. Wa yac ce ba ta da mai ita? Tono nan."

Na tona inda sandarsa ta nuna, sai ga wuyan tulu a binne cikin bangon. Gaba kaɗan ga wani. Ya ce haka aka raba ganuwar gida gida, daga wuyan tulu zuwa wuyan tulu, kowane gida ya yaɓe rabonsa in damina ta wuce. Wanda ya bar nasa ya zube, ta nan maharan za su shigo, kuma garin duka ya san ko ta wa aka shiga.

"Wagga mai tsawo da kake ta leƙe kamar ɓarawon kaji, ta gidanku ce."

Na ɗaga kai na dubi bangon. Sannan na tambaye shi tasu. Ya nuna yankin da ke jikin tamu, wanda bai kai gwiwa ba.

"Tsoho, ashe gidanku ragwaye ne."

"Ragon nan shi ya yaɓe taku. Shekarar ƙarshe da munka yi yaɓe, kurkunu ya kwantar da kakanka, ƙafa biyu. Ni nay yi mai tashi, hawa biyu, har da shafen makuba mai hana ruwa ci. Kafin in juyo ga tawa aka kira mu yaƙi. Yac ce baɗi shi ka yi min tawa. Baɗi ba ta zo ba, Nasara sunka zo, kowa ya aje yaɓe. Ya tahi lahira da aikina a wuyanai."

Ya faɗi haka yana dariya, ni kuwa ban yi ba. Mamaci ne ake magana a kansa, kuma alkawari ne.

Na ce tunda mai ita ake nema, za a same shi yana aiki. Tsoho ya ce in yaɓe tamu kawai, ita ce ke da sauran rai, kwana shida ba za su ta da wadda ta faɗi ba. Na ce tasa zan fara.

Na sallami karatu na mako guda. Ƙanena, manomin albasa, ya bar fadamarsa ya zo da jakuna biyu, don ruwa sai an ɗebo daga nesa. Muka haƙa ƙasa a cikin gwalalo, inda na farko suka haƙa, muka kwaɓa da ƙafa, muka dunƙula tubali muka shanya. Hannun da ya saba da alƙalami, kwana biyu ya isa ya sale shi. Tsoho na zaune a inuwa yana ba da umarni.

"Ba tuwo kake tuƙawa ba, tattake ta. Allah ya jiƙan maza."

Leburori sukan tsaya su yi kallo. Helma ya zo sau ɗaya, ya ce, "Malam, wahalar da kai kake yi," amma ya bar mana kwando biyu. Na aika wa gidaje uku da tsoho ya ce suna da rabo. Biyu suka ce ba su son abin da zai haɗa su da hukuma, na uku ya ce yana zuwa, bai zo ba.

Ranar Laraba rabon tsoho ya kai ƙirji. Na fitar masa da kafa ɗaya, ya sa na rushe ta na sake, wai ta kalli sama kamar zan harbi shaho. Da la'asar muka shafe tamu hawa ɗaya.

Alhamis da hantsi Bature ya iso da tafintansa. Ya dubi ɗanyen yaɓe, ya dubi tsoho da ya sa muka ɗora shi a kan dakali, ya yi magana, tafinta ya fassara.

"Yana tambaya, wa za ku yaƙa da wannan bango?"

"Ka ce masa ba mu gayyaci kowa ba. An ce abin da ba shi da mai shi za a kwashe. Ga masu shi."

"Ya ce ina takardar shaida?"

Na buɗe gafaka na miƙa abin da na rubuta, gida gida, daga bakin tsoho. Bature ya juya ta sama da ƙasa ya mayar mini.

"Ya ce ba irin wannan rubutun yake nufi ba."

"Ka ce masa da irinsa alƙali ke raba gado a ƙasar nan tun kafin a haifi kakansa. In bai iya ba, ina koyarwa, Asabar zuwa Laraba."

Tafinta ya dube ni. "Malam, in faɗa haka?"

"Faɗa haka."

Ban san abin da ya faɗa ba, amma wuyan Baturen ya yi ja. Ya zagaya bangon, ya dangwala yatsa a yaɓen, ya goge a hankici. Sannan ya nuna wa helma turaku uku da ke gindin rabonmu da na tsoho ya ce a cire, ya hau dokinsa. Daga baya an kira ni gaban hakimi an yi mini faɗan rashin ladabi, na durƙusa na ce Allah ya ba shi nasara, ban ce na tuba ba.

Sauran ganuwar kuwa a gabanmu aka sa mata diga. Rabon gidajen da ba su zo ba duk ya tafi cikin kwanduna, yana ƙarƙashin hanyar da motocin garin Shagari ke bi.

Tsoho ya ce in sauko da shi. Ya bi rabonsa yana shafawa da tafin hannu, daga wuyan tulu zuwa wuyan tulu, bai yi sauri ba.

"Ta karkace," in ji shi. "Hannun gidanku ke nan, kakanka ma haka shike gini." Ya jingina bayansa da ita, ya zame ya zauna. "Amma na karɓa. In ka yi mai addu'a, ka hwaɗa mai an biya, ba ni bin shi komi."

Muka ɗaga hannu muka yi wa kakana Fatiha, digogi na ta sara a bayanmu.