Bishiyar Gyaɗa

A gidanmu na Kahu, da an kwashe kwanukan tuwo sai kakarmu Inna Dije ta jawo kujerarta bakin murhu, mu jikoki mu zagaye ta. Ladan zaman shi ne ƙanzon tukunya, kuma ba kowa take ba wa ba.

Akwai tatsuniyar da ta fi so. Kura ta kai akuya ƙara gaban dila, wai ta sace mata gyaɗa. Ta rantse da idonta ta ga akuya ta hau bishiyar gyaɗa tana kaɗo 'ya'yan. Dabbobi suka dubi haƙoran mai ƙara, suka gyaɗa kai. A nan Inna take tsayawa, ta shiga gyara itacen wuta kamar ta manta da mu. Idan wani ya ce, "Inna, gyaɗa ai a ƙasa ake tono ta," sai bushiya ta miƙe a cikin labarin ta faɗi hakan, akuya ta koma gida. Idan muka yi tsit, kura ta cinye ta, Inna ta cinye ƙanzonta.

"Ku kuka kashe ta," take cewa. "Da rana kuna gonar gyaɗa, da yamma an ce muku bishiya ce, kun saki baki."

Gobe kuma ƙaryar ta sauya: saniya ta yi ƙwai, ko dawa ta fito a gindin rogo. Dole ka saurara da abin da idonka ya gani.

Ɗan baffana Sabo bai taɓa ceton akuya ba. Hannu a ƙirji, amsarsa ɗaya: "Haka ne, Inna." Baƙi suna yaba ladabinsa. Inna kuwa takan ce, "Wannan ko an ce masa jaki liman ne, alwala zai je yi."

Yau Malam Sabo yana da makarantar firamare ta kuɗi a Rano. A jikin katanga an rubuta da fenti mai sheƙi cewa nan ana koyo ta hanyar bincike, ana gina ɗabi'a. Zumunci ya sa na kai 'yata Hauwa. Binciken nasu na gan shi: malami ya rubuta tambaya a allo, ya rubuta amsa a ƙarƙashinta, yara su rera duka biyun da murya ɗaya. Ɗabi'ar ma na gan ta. Ranar da Hauwa ta tambayi me ya sa waken da aka zana musu ba shi da saiwa, a gwiwa ta ƙarasa darasin.

Na yi wa Sabo magana. Ya gyara hula ya ce, "Haka ne, Yaya." Shekaru sun ba shi tumbi da ofis, ba su ƙara masa kalma ba.

Na so in bar maganar, don kada a ce na raba zumunci a kan wake. Sai ran nan bayan cin abinci na zaunar da Hauwa na ba ta tatsuniyar Inna. Na kai kan bishiyar gyaɗa, na tsaya, na jira. Yarinyar da ta taya mu roron gyaɗa a Kahu bara ta naɗe hannu a ƙirji.

"Haka ne, Baba."

A tsakar gidana kura ta cinye akuyar. Da Litinin ta zo, ban kai Hauwa wurin Sabo ba. Ya aiko a tambayi dalili, wadda a iya sanina ita ce tambayarsa ta farko a duniya.